Yadda Na Sallami Kaina Daga Aiki a Shagon Keke

Ni ɗan mai gyaran keke ne, kuma bakina ne ya ja mini. A Tudun Wadar Zariya na tashi, a gindin wata darbejiya inda Baba ya shekara talatin yana faci da gyaran birki. Ban kai izu biyu a makarantar allo ba na iya gano inda taya ke sacewa a cikin bokitin ruwa. Baba yana da aƙida guda a kan keke wadda ba ya sassautawa: keken kirki shi ne wanda in ka ɗaga shi sai ka yi nishi. Ralinsa na Ingila, mai sanda biyu, ya ɗauki buhun masara, ya ɗauki ragon layya, ya ɗauki Inna zuwa asibiti ranar da za a haife ni. Duk keken da bai kai shi nauyi ba, gwangwani yake ce masa.

Da wannan ilimi na sauka ƙasar Holan karatun kimiyyar ƙasar noma, a wani ɗan gari da ake kira Wageningen. Sunan ma sai ka yi kamar za ka yi kaki kafin ya fito daidai. Ƙasa ce da kekuna suka fi mutane yawa, don haka na ɗauka na zo gida.

Ɗaki ne ya fara yi mini wuya, don ɗalibai sun yi wa garin yawa. Da ƙyar na samu wani a gidan wata dattijuwa mai shekara 74. Oma nake ce mata, wato kaka da yarensu, ita kuma ba ta taɓa wahalar da kanta da sunana ba, yaro take cewa. Gidan yana gefen wani tudu da mutanen garin ke kira dutse da dukkan gaskiyarsu, alhali tsayinsa bai wuce mita arba'in da 'yan kai ba. Ranar da aka nuna mini shi na yi ta waige-waige ina neman dutsen. Wanda ya taɓa hawa Kufena ba zai yarda ya kira wannan abu ko da jigawa ba. Amma kada in cika baki, za mu dawo kan wannan tudu.

Oma tana da wani tsohon keken lantarki da marigayi mijinta ya saya mata. Kilo 28 ne, ya fi rabin buhun siminti, batirinsa kuma a kan kariya yake, don haka duk nauyin a sama yake ta baya. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa take ajiye shi saboda ɓarayi da sanyi, kuma matakala bakwai ce tsakaninsa da hasken rana. A gefen matakalar akwai ɗan kwarin siminti da ake bi da taya, amma tura kilo 28 sama aikin mai sauran gwiwa ne. Sai muka ƙulla yarjejeniya: in fito da shi da safe, in mayar da yamma, ita kuma ta rage mini Yuro 25 a kuɗin haya duk wata. Ban da wannan akwai ihsani: ranar Laraba miyar wake mai kauri wadda cokali ke tsayuwa a ciki (saboda ni ta daina sa naman alade), ranar Lahadi kuma kek ɗin tuffa. Shekara guda da rabi ina wannan aiki. Na yi ƙwanji, na yi kumatu.

Wata Lahadi 'yarta ta zo daga Utrecht da fuska a murtuke. Ashe Oma ta faɗi a bakin kasuwa. Ba gudu take yi ba, tsayawa ta zo yi, keken ya rinjaye ta ya kwanta da ita, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. 'Yar ta ce a 2022 masu keke wajen 290 ne suka mutu a hanyoyin ƙasar, fiye da rabinsu sun haura saba'in, don haka ko dai a sayi mai ƙafa uku ko a haƙura da keke. Mutanen nan ba su san kara ba. A gabana, ina riƙe da faranti, take gaya wa uwarta ta tsufa.

Oma ta ajiye cokali ta ce tun tana shekara biyar take kan keke, kuma ranar da za a ga ta hau mai ƙafa uku, to a duba da kyau, gawarta ce aka ɗora. Abin da za ta yi shi ne ta sayi mara nauyi.

Nan ne ya kamata in ci kek ɗina in yi shiru. Sai na ji bakina yana cewa, "Oma, ai kin zo gidan sauƙi. A cikin keke aka haife ni."

Kwana biyar na yi watsi da karatun da ya kawo ni, na duƙufa a intanet. Na cika littafi guda. Na gano cewa a dokar Turai, keken lantarki na gama-gari injinsa ba ya wuce wat 250, kuma da ka kai gudun kilomita 25 a awa sai ya janye hannunsa ya bar ka da ƙafarka. Wannan ba ya buƙatar lasisi ko lamba. Akwai wani mai kai 45, shi kuma sai da hular kwano da lasisi da lamba ruwan ɗorawa, kusan babur ne. Na gano inji kan zauna a tayar gaba, ko ta baya, ko a tsakiya wajen feda, na tsakiyar kuma shi ne ke saukar da nauyi ƙasa. Na haddace duka kamar mai shirin musabaƙa.

Ranar Asabar muka nufi wani babban shago a Ede, garin da ke maƙwabtaka da mu. Ita a kan tsohon kekenta, ni a kan wani kwarababben da na saya hannun ɗalibin da ya gama. Kilomita bakwai ko takwas ne, iska kuma tana dukan fuska. A ƙasar nan duk inda ka nufa iska daga can take tahowa, in ka juyo ita ma ta juyo. Sau uku tana tsayawa jirana.

Shagon ya fi wani masallacin Juma'ar girma. Ga kekunan kamfanin Gazelle, ga na Batavus, ga na Sparta, jere reras, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasa, abin da ya sa tun farko ban yarda da wurin ba. Mai shagon wani dogo ne, irin dogayen da sai ka ɗaga kai kamar mai duban wata. Na gyara tsayuwa, na je kan keken farko na ƙwanƙwasa shi da yatsa na kasa kunne, yadda Baba ke yi. Mutumin ya tambaye ni ko akwai wanda nake jira ya buɗe daga ciki.

Na share. Na duba takardar kuɗin, Yuro dubu uku ba kaɗan. Na yi dariyar 'yan kasuwa na ce to, wannan na baƙi ne, nawa zai bari? Ya sunkuyo ya karanta mini takardar a hankali, lamba bayan lamba, don ya ɗauka karatun ne ya gagare ni. Na ce albarka dai ba ta ƙare ba, ya duba tsohuwa. Ya duba ta kuwa, ya gaishe ta, ya sake karanta mini takardar.

Oma ta ce, "Yaro, zauna."

Ban zauna ba. Na buɗe littafina na nuna wani da na zaɓa tun daga gida, takardarsa ta ce kilo 19. Mai shagon bai yi musu ba, ya jawo wani sikeli mai ƙugiya da ke rataye a rufi ya ɗaga keken. Ashirin da uku. Na ce sikelinsa na mahauta ne. Ya ce a'a, 19 ɗin ba da batir ba ne, ba da makulli ba, ba da jakunkunan baya ba, batir kaɗai ya kusa kilo uku. Wato an auna rago ne bayan an feɗe shi an cire kai da ƙafa da kayan ciki. Rabin littafina ya mutu a wurin.

Don in farfaɗo da martabata sai na ce ba za a ɗora dattijuwa a kan abin da ban gwada ba. Na kama wani ƙato mai inji a gaba zan fita da shi filin gwaji. A hannun hagu akwai 'yan maɓallai, na ga wani na ɗauka ƙararrawa ce, na danna don mutane su ba ni hanya.

Keken ya kama tafiya.

Ban hau ba, a gefensa nake tsaye. Ashe maɓallin taimakon turi ne: muddin kana danne da shi, keke zai yi ta tafiya da kansa har gudun kilomita 6 a awa, don mai hawa tudu a ƙasa ya huta. Magani shi ne ka ɗaga yatsa. Amma wanda abu ya ƙwace masa ba saki yake yi ba, ƙara damƙewa yake yi. Na damƙe, ya ja ni. Na ƙara damƙewa, ya ƙara ja. Duk wanda ya taɓa kai ɗan maraƙi kasuwar Talata ya san wannan tafiya. Muka ratsa tsakiyar shago ina salati, muka wuce wasu mata da miji da ke auna hular kwano, muka dangana da layin kekunan yara. Na farko ya faɗa kan na biyu, na biyu kan na uku. Sha ɗaya na ƙirga. Na ƙarshen yana da ƙaho na roba, shi ya rufe taro da ɗan kuka.

Shagon ya yi tsit. Can sai na ji muryar Oma, ba dariya ba faɗa, tana tambayar mai shago: "Wannan maɓallin, kowanne yana da shi?"

Ya ce kusan duka.

Ta ce, "Zai iya hawa matakala bakwai ta kan kwarin siminti?"

Ya ce in keken ba shi da nauyi sosai kuma ta riƙe birki a kusa, me zai hana.

Ina durƙushe ina tayar da kekunan yara, maganar ta wuce ta saman kaina. Sai da ta iso ƙwaƙwalwata daga baya.

Oma ba ta zo da littafi ba. Abu uku kawai take yi wa kowane keke. Ta zura ƙafa ta tsakiya ta gani ko sai ta ɗaga gwiwa, don akwai masu sandar da ta sauko ƙasa sosai, kamar ka tsallaka dokin ƙofa. Ta zauna a sirdi ta gani ko ƙafafunta biyu suna taɓa ƙasa. Na ukun shi ya sa mai shago ya dafe ƙirji: sai ta kwantar da sabon keke a ƙasa a hankali, ta ja da baya, ta dawo ta tayar da shi ita kaɗai. Ta ce ba a kan gudu take faɗuwa ba, wajen hawa da sauka ne, kuma ba kullum ake samun mutum biyu a bakin kasuwa ba. Wanda ya gagare ta tayarwa, ko kallo na biyu ba ya samu. A raina na ce kwana biyar ina intanet, babu shafin da ya ce a kwantar da keke.

Ta gwada wani mai inji a gaba ta dawo tana girgiza kai, ta ce fizga yake yi kamar jakin da aka tsikara. Mai shago ya ce wannan juyawar feda kawai yake ji, da ta motsa sai ya saki ƙarfinsa gaba ɗaya. Akwai masu auna ƙarfin da ka taka, in ka taka a hankali su taimaka a hankali. Wannan yana cikin littafina, shafi na tara, amma lokacin ba ni da bakin magana.

Daga ƙarshe ta tsaya a kan wani ɗan siriri ruwan toka, mai ƙaramin batir da ake zarewa. Aka rataya shi a ƙugiya da komai nasa: 19 cif. Ta kwantar, ta tayar. Ta zare batirin ta sa a jaka, ta ɗaga gaban keken da hannu ɗaya. Ta juyo fuskarta fal murna ta ce, "Ka gani, yaro? Daga yau ba sai na riƙa tashinka da sassafe ba."

Wallahi sai da na ji wani abu ya tsinke a cikina. Yuro 25 sau goma sha biyu, 300 ke nan a shekara. Ban yarda na juya shi zuwa naira ba don kada jinina ya hau a ƙasar mutane. Ga miyar Laraba. Ga kek. Ni da ƙafata na rako matar nan, na yi kwana biyar ina bincike, don a samo abin da zai maye gurbina.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Aƙidar Baba ta taso mini gaba ɗaya. Na ce Oma, a yi hattara, wannan gwangwani ne. Na ce iskar ƙasar nan da ke juya injin niƙa, in ta samu keke mara nauyi da tsohuwa mara nauyi, sai dai a tsince su a Jamus. Na jawo wani jibgege mai kilo 27, na shafa shi, na ce dubi batir, wannan zai kai ki Amsterdam ya dawo. Ta ce me za ta yi a Amsterdam? Tafiyarta kasuwa ce, sai coci, sai gidan ƙanwarta a tsallaken kogin Rhine, inda take shiga jirgin fito da kekenta. Duka-duka ba ta wuce kilomita 15 a yini. Mai shago, wanda ban san da me na tsare masa ba ban da kekuna sha ɗaya, ya sa baki ya ce ƙaramin batirin ya ishe ta har da saura, babban batir nauyi ne kawai za ta yi ta ɗauka tana biya.

Da na ga haka sai na koma bayan 'yarta. Na ce gaskiya in an bi ta lafiya, mai ƙafa uku ya fi, a garinmu ma manyan mata a daidaita sahu suke shiga. Oma ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Mai ƙafa uku ba ya shiga ɗakin ƙasa ko kaɗan. Ko shi na saya, Yuro 25 ɗinka sun tafi."

Mai shago ya juya yana gyara wani abu da bai lalace ba.

Saura ciniki na ƙarshe. Ta tambaya nawa zai karɓi tsohon kekenta a rage mata. Ya fita ya duba shi, ya ce Yuro 100, don batirin ya tsufa. Nan jinin Tudun Wada ya sake motsawa. Na ga dama ta wanke kaina, in nuna mata har yanzu ina da amfani. Na ce ɗari? Wannan zalunci ne! Na ƙwanƙwasa ƙarfen na ce ji ƙara, yanzu ba a yin irinsa. Na ce keken nan ko a rufe ido ya yi 300, ni ɗan mai gyara ne, na san abin da nake faɗa.

Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai 100.

Oma ta ce, "Ka tabbata ya yi 300?"

Na ce ko a gaban alƙali.

Ta ce, "To na bar maka a 200, tunda kai na gida ne. Naka ai ya mutu, sau uku ina jiranka a hanya."

A kasuwar Sabon Gari in ka yi irin wannan subul da baka, akwai hanyar zamewa: ka ce bari ka je ka dawo. A nan kafin mu fita daga shagon wayata ta yi ƙara. Tikkie ne, manhajar da suke aika wa juna neman biyan kuɗi, wadda ko kofin shayi aboki ya saya maka sai ta biyo ka gida. Shekara 74, amma yatsanta a kan wannan abu ya fi na ɗan sakandare sauri.

Yanzu wata huɗu ke nan. Haya ta koma yadda take. Kullum da safe ina jin ɗan zuuu ɗin inji, Oma ta danna maɓallina tana hawa matakala bakwai, keke na tafiya a gefenta kamar ɗan akuyar da ya saba da mai shi. In ta wuce sai in sauka in ɗauko kilo 28 ɗina. Shi ba shi da maɓallin, ya girmi zamaninsa. Aikin da nake yi a biya ni, shi nake yi yanzu kyauta, safe da yamma, bayan na biya 200 kuɗin shiga.

Batirin kuwa mai shago bai yi ƙarya ba. Yana kai ni makaranta lafiya, amma a dawowa, daidai gindin tudun nan da na raina, nan yake cikawa. Keken lantarkin da ba wuta kuwa keke ne da aka ɗora wa dutsen niƙa. Na nemi gafarar tudun, dutse ne, na yarda. Sabon batir na tambaya, kuɗinsa ya fi abin da na sayi keken. Na yi tunanin in kai shi gida in na gama, sai na tarar jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirin da cin wutarsa ya wuce wat-awa 160, nawa kuwa 400 ne, ko da yake a aikace ban ga alamar ya san haka ba. Rannan ina tsakiyar tudu ina turi, gumi na zuba cikin sanyi, Oma ta zo ta wuce ni da furanni a kwando. Ta kaɗa ƙararrawa sau biyu. Ita ta san inda tata take.

Miyar Laraba dai ba a soke ta ba, sai dai yanzu ni ke wanke tukunya.

Da Juma'a na kira gida na zayyana wa Baba komai, ina jiran jaje. Ya yi shiru yana saurare har na gama. Sai ya ce, "Ita tsohuwar, nata kilo nawa ka ce?"

Na ce 19, Baba.

Ya ce, "Allah sarki, an cuce ta. Kai naka fa?"

Na ce 28.

Ya ce, "Madalla. Ka riƙe shi da kyau, kada ta gane ta ce a warware cinikin."